Piece Hall: Kasuwar Masaƙa Da Ƙuri'a Ɗaya Ta Ceto

Ku dubi wannan fili da ɗakuna suka kewaye shi ta ko'ina, ƙofa kusa da ƙofa, hawa bisa hawa. Nan ne Piece Hall, a garin Halifax da ke yankin Yorkshire, arewacin Ingila. An buɗe shi ranar 1 ga Janairun 1779, da ɗakuna 315.

Masaƙa ne suka fara cin moriyarsa. Mutum ya kwashe mako yana saƙa ulu a gida, ranar Asabar ya ɗauko turmi ɗaya mai yadi 30 ya kawo nan. Wannan turmin ne ake kira "piece", daga nan ginin ya samo suna. Awa biyu kacal kasuwa ke ci, daga ƙarfe 10 zuwa 12 na rana, a tashi.

Da injinan masana'antu suka shigo, saƙar hannu ta mutu. A 1871 wurin ya koma kasuwar sarin kifi da kayan lambu, ya shekara kusan ɗari a haka. A 1972 har majalisar gari ta zauna kan batun rushe shi, kuma da ƙuri'a ɗaya rak ya tsira. Duk sanda na tuna wannan sai gabana ya faɗi.

To, gyaran irin wannan gini ba kamar gyaran gidanka ba ne. A Ingila akwai rajistar gine-ginen tarihi mai matakai uku, Piece Hall kuma yana mataki na ɗaya, inda 'yan kaɗan ne ke kaiwa. Ko taga za ka canza, sai ka nemi izinin hukuma, in ba haka ba ka aikata laifi.

Ku matso kusa da bangon. Dutse ne mai laushi, yana shan ruwa yana kuma fitarwa. Masu gyaran tsofaffin gine-gine suna cike tsakanin irin waɗannan duwatsu da kwaɓin farar ƙasa, domin yana barin danshi ya fita. Siminti kuwa toshe hanya yake yi, ruwa ya maƙale a ciki, sanyi ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa. Duk wanda ya ga yadda shafen siminti ke ɓamɓarowa daga ginin ƙasa bayan damina ya san wannan ciwo. Aiki ne na haƙuri, dutse bayan dutse, wanda ya lalace kawai ake cirewa.

Fam miliyan 19 aikin gyaran Piece Hall ya ci, daga ƙaramar hukumar Calderdale, wadda Halifax ke ƙarƙashinta, da asusun cacar ƙasa mai tallafa wa wuraren tarihi da wasu masu bayarwa. Aka daidaita filin tsakiya wanda da gangare ne, aka sake buɗewa ranar 1 ga Agustan 2017.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗakunan nan. An gina su ƙanana don masaƙi ɗaya da hajarsa, sai ga shi sun yi daidai da mai zanen hotuna, mai sayar da littattafai, mai sana'ar hannu da ba zai iya kama katafaren shago ba. Da bazara kuma, idan rana ta faɗi, ana kafa dandamali a tsakar filin, dubban mutane su cika shi don sauraron mawaƙa, masu shaguna na leƙowa daga barandar sama.