Sugan majinyaci ya hau: a sauke shi ko a ƙyale shi?

Masu kallo, assalamu alaikum.

An kwantar da mutum a ɗakin kulawa ta musamman bayan an yi masa aiki a ciki. Bai taɓa yin ciwon suga ba. Nas ta huda masa ɗan yatsa, ta ɗiga jini a tsinken gwaji, injin ya nuna 240 a ma'aunin suga na mg/dL, alhali lafiyayyen mutum da ya wayi gari bai karya ba ana sa ran ganin 70 zuwa 100 ne. Daga ina wannan suga ya fito? Kuma a sauke shi ko a ƙyale shi? Tambaya ta biyun ita ce Farfesa Greet Van den Berghe ta Jami'ar Leuven a ƙasar Beljiyam ta shafe fiye da shekara 20 tana bin diddiginta.

Kafin mu je gare ta, sai mun leƙa fankiriyas. Wata gaɓa ce ta cikin jiki mai tsawon kamar santimita 15, tana kwance a bayan tumbi. Mafi yawanta ruwan narkar da abinci take yi tana zubawa cikin hanji. Amma a cikinta akwai wasu 'yan curi-curi da ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinta ba, waɗanda wani ɗalibin likitanci, Paul Langerhans, ya gano a Berlin a 1869. Nan ake yin insulin, mai shigar da suga daga jini zuwa tsoka da kitse, nan kuma ake yin gulukagon, mai sa hanta ta saki sugan da ta adana. A 1889 Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa kare fankiriyas, sai ga shi da ciwon suga. A Janairun 1922 kuma, a Toronto, aka fara yi wa ɗan Adam allurar insulin, wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson.

To majinyacinmu fankiriyas ɗinsa lafiya ƙalau take. Jikinsa ne ya shiga halin yaƙi.

Bayan tiyata irin ta majinyacinmu, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke jefa jiki cikin wannan hali shi ne sefsis. Ƙwayar cuta ta shiga, ta huhu, ko ta mafitsara, ko ta wani rauni, ko bayan haihuwa. Garkuwar jiki ta tashi faɗa, sai faɗan ya wuce gona da iri har ya koma kan mai shi: jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya, numfashi ya gagara, hankali ya gushe. Wani babban ƙiyasi da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya nuna an samu sefsis sau miliyan 48.9 a duniya a 2017, mutum miliyan 11 suka rasu. Kusan ɗaya ke nan cikin kowace mutuwa biyar a waccan shekarar, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin yankunan da abin ya fi ƙamari.

A irin wannan yanayi jiki kan kwararo kotisol da adirenalin, sinadaran da yake saki a lokacin tsanani, tare da gulukagon. Hanta ta yi ta zuba suga cikin jini ba ƙaƙƙautawa, tsoka kuma ta yi kunnen ƙashi da insulin. Shekaru da dama likitoci suna ganin wannan dabara ce ta jiki, yana tanadar wa ƙwaƙwalwa abinci a lokacin tsanani. Shi ya sa ba a cika taɓa insulin ba sai suga ya haura 200.

Van den Berghe ba ta gamsu ba. An san suga mai yawa yana rage wa fararen ƙwayoyin jini kuzarin kama cuta, shi ya sa ma gyambon ƙafar mai ciwon suga yake wuyar warkewa, har wani lokaci ya kai ga sefsis ko yanke ƙafa. Sai ita da abokan aikinta suka ɗauki majinyata 1,548 a ɗakin kulawa ta musamman na masu tiyata, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya aka bi da su yadda aka saba, ba a sa insulin sai suga ya wuce 215. Ɗaya rukunin kuwa aka ɗaura musu insulin ta jijiya, ana aunawa ana gyarawa dare da rana, don suga ya tsaya tsakanin 80 da 110.

Sakamakon ya fito a Nuwamban 2001 a mujallar New England Journal of Medicine. A rukunin farko kashi 8 cikin 100 suka rasu a ɗakin; a rukunin da aka matse wa suga, kashi 4.6. Shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ta ragu da kashi 46, lalacewar ƙoda mai kai wa ga wankin ƙoda ta ragu da kashi 41. Inda aka fi samun raguwar mace-mace kuma shi ne wajen waɗanda gaɓoɓinsu ke tsayawa saboda sefsis. Ga magani tsoho, akwai shi a kowane asibiti, ba sai an jira wani kamfani ya ƙirƙiro sabo ba. Kafin ka ce kwabo asibitoci a Turai da Amurka sun sauya ƙa'idojinsu.

A ganina an yi gaggawa. Asibiti ɗaya ne tak aka yi gwajin, kuma kusan kashi biyu cikin uku na majinyatan aikin zuciya aka yi musu.

Ita da kanta ta sake gwadawa a 2006 a kan majinyata 1,200 da ba na tiyata ba. An ga sauƙi wajen ƙoda da saurin rabuwa da na'urar numfashi, amma jimillar mace-mace ba ta ragu yadda za a kafa hujja ba. A Jamus wani gwaji a kan masu sefsis mai tsanani, wanda aka buga a 2008, dole aka tsayar da shi tun kafin a kammala, domin kashi 17 na waɗanda aka matse wa suga sai da sugansu ya faɗi warwas, zuwa 40 ko ƙasa da haka.

Ku tsaya mu duba wannan haɗarin da kyau. Mai ciwon suga da ke gida, idan sugansa ya faɗi, zai ji jiri, gumi ya karyo masa, hannu ya ɗauki rawa, sai ya nemi dabino ko lemo. Wanda ke kwance da bututu a maƙogwaro, an ba shi maganin barci, ba shi da bakin cewa komai. Ƙwaƙwalwarsa kuwa da suga take aiki, ba ta da rumbun ajiya. In nas ta makara da awo, ɓarnar na iya faruwa babu wanda ya lura.

Sai 2009 aka buga babban gwajin da ake kira NICE-SUGAR: majinyata 6,104, asibitoci 42, mafi yawa a Ostireliya, Niyu Zilan da Kanada. Bayan kwana 90, kashi 27.5 na waɗanda aka matse wa suga sun rasu, a ɗaya rukunin kuma kashi 24.9. Wato matsewar ma ƙara mace-mace ta yi. Mummunar faɗuwar suga ta sami kashi 6.8 a rukunin da aka matse wa suga, kashi 0.5 a ɗayan.

Yaya magani ɗaya zai ceci rai a Leuven ya cutar a wasu wurare? Tawagar Leuven ta koma ta duba abin da ya bambanta ɗakinta. Suna auna suga da na'urar gwajin jini ta cikin ɗaki, wadda ta fi ƙaramin injin yatsa daidaito, nas-nas ɗinsu kuma sun ƙware a kai. Sannan akwai batun abinci. A gwajin 2001 tun ranar farko ake ɗura wa majinyata suga mai yawa ta jijiya, giram 200 zuwa 300 a yini. Kamar mutum ne yana zuba ruwa a randa da hannu ɗaya yana kwashewa da ɗayan. Ba mamaki kwashewar ta yi amfani.

Wannan ya sa suka gwada al'adar tasu. A 2011 suka buga bincike a kan majinyata 4,640, suka nuna cewa idan aka jinkirta ciyarwa ta jijiya har zuwa kwana na takwas, majinyata sun fi saurin farfaɗowa, sun kuma fi tsira daga kamuwa da sabuwar cuta. A 2023 suka maimaita gwajin matse suga a kan mutum 9,230, ba tare da ciyarwa ta jijiya da wuri ba, kwamfuta ce kuma ke lissafa adadin insulin. Faɗuwar suga ta yi ƙaranci ƙwarai, lalacewar ƙoda mai tsanani ta ɗan ragu, amma mace-mace kusan ɗaya: kashi 10.5 a rukunin da aka matse wa suga, kashi 10.1 a ɗayan.

Ƙa'idar kula da masu sefsis ta duniya ta 2021 ta tsaya a tsakiya: a fara insulin idan suga ya kai 180, wato 10 a injinan da ke auna milimol, yawanci kuma ana neman ya zauna tsakanin 144 da 180.

A asibitocinmu akwai wani ɓangare da bai kamata a manta ba. Yaron da aka kawo da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko sefsis a kan tamowa, sau da yawa faɗuwar suga ce ke barazana ga rayuwarsa, ba hauhawa ba. Kwinin ma, tsohon maganin maleriya, yana zaburar da fankiriyas ta saki insulin, musamman ga mai juna biyu. Shi ya sa idan aka kawo yaro a sume, gwajin suga na cikin abubuwan farko da ake yi. Mai ciwon suga kuma da ya ga zazzaɓi tare da rauni mai ruwa, ko numfashi sama-sama, ko fitsari ya ragu, ko magana ta fara rikicewa, wannan ba na kemis ba ne. A kai shi asibiti a ranar, a tafi da magungunan da yake sha.