Firinta Marar Waya da Ta Ƙi Magana da Waya

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan akwatin da kuke gani a kan tebur firinta ce ta gida mai aiki uku: tana buga takarda da hoto, tana yin fotokofi, sannan tana ɗaukar hoton takarda ta tura shi cikin salula ko kwamfuta. A jikin kwalinta an nuna cewa marar waya ce, kuma tun daga nan Hausa ta fara yi mana wasa, domin da kalma ɗaya muke kiran igiyar lantarki da salular da ke aljihunmu. Abin da masu ƙera ta suke nufi shi ne ba sai an haɗa ta da kwamfuta da igiya ba. Igiyar wuta kuwa tana nan daram, sai an jona ta a soket.

Tun bayan hawan Sallah, saƙonnin da suke zuwa mana daga masu irin wannan na'ura a cikin Katsina da Daura kusan kuka ɗaya suke yi. Mutum ya ɗauki hotunan dawaki a Ƙofar Soro, ko na Hawan Magajiya a Daura, ya dawo gida yana so ya ga hotonsa a takarda, firinta tana kunne, fotokofi yana fita lafiya lau, amma salula ta ce ba ta ga wata firinta ba. Wani malamin Islamiyya ya shaida mana cewa sau biyu yana sayen data saboda ya ɗauka ƙarewarta ce ta jawo, wata baiwar Allah mai sana'ar kek kuma, wadda ta sayi tata don buga takardar da take mannawa a kwali, har ta mayar da ita shago. Mai shagon ya ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri ki ba ni wayarki," kuma ba a yi minti biyar ba takarda ta fito. Abin da ya taɓa a wayar nan shi ne zancenmu na yau.

Fitar da ita daga kwali ba ya buƙatar dogon bayani, ga shi kuna gani. A cire duk tef ɗin da aka manna ciki da waje, a zuba tawada kowane launi a mazauninsa idan mai tanki ce, ko a danna katirij, wato ɗan akwatin tawada, har ya yi ƙara idan mai katirij ce, a sa takarda, a kunna, a bar ta ta gama jan tawada ba tare da an kashe ta ba. Idan daga Amurka aka aiko muku da ita, ku duba rubutun da ke bayanta kafin ku jona, domin wutarsu ba ta wuce bolt 120, tamu kuwa 230 ce, kuma ba kowace ce take ɗaukar biyun ba.

Yanzu sai mu zauna a kan inda ake ruɗewa. Yawancinmu mun saba ɗaukar Wi-Fi da intanet a matsayin abu ɗaya, tunda a duk inda muka roƙi lambar sirrin Wi-Fi, shiga intanet muke nema. Alhali abubuwa biyu ne daban. Ku ɗauki Wi-Fi a matsayin tsakar gida, inda mutanen gida ɗaya suke jin muryar juna, intanet kuma hanyar mota ce da ta fita gari, data ita ce kuɗin motar. Idan uwar gida tana so ta miƙa wa yaro kwano a tsakar gida, ba ta biyan kuɗin mota, abin da ake buƙata kawai shi ne su kasance a gida ɗaya. Haka hoton da ke cikin salularku yake: daga hannunku zuwa tebur zai je, ba zai bi ta Legas ba, saboda haka ko data ta ƙare ƙarƙaf zai isa, muddin salular da firintar suna cikin Wi-Fi ɗaya. Idan kuwa salula tana kan data, firinta tana kan wani Wi-Fi daban, to ko kun sayi ta wata guda ba za su ji juna ba, domin ɗaya tana cikin gida, ɗaya tana kan titi.

Hanyar da masu ƙera na'urar suka fi zato ita ce a gidan akwai rauta, wato na'urar da take rarraba Wi-Fi, ko ƙaramar MiFi irin wadda ake sawa a aljihu. A nan firinta za ta shiga Wi-Fi ɗin rautar, salula ma ta shiga, shi ke nan sun haɗu. Manhajar kamfanin ce take jagorantar wannan, manhajar HP ga masu HP, Canon PRINT ga masu Canon, Epson Smart Panel ga masu Epson, kuma a wajen sauke manhajar ne kaɗai data ta zama dole, sai kuma idan manhajar ta nemi a buɗe asusu. Tarkon da ke nan shi ne Wi-Fi yawanci yana tafiya a kan zango biyu, 2.4 da 5, kuma da yawa daga ƙananan firintocin gida 2.4 kaɗai suke ji. Rauta ta zamani tana iya fitar da suna biyu, ɗaya da alamar 5G a ƙarshensa, wadda ba ta da alaƙa da 5G ɗin kamfanonin sadarwa, suna ne kawai ya zo ɗaya. Mutum sai ya ga ya fi sauri ya zaɓe shi, firinta kuma ta yi ta lalube ba ta gan shi ba. Ku sa ta a kan wanda ba shi da wannan alamar, lokacin haɗawa ku sa salular ma a kansa.

Sai dai gaskiyar gidajenmu ita ce da yawa babu rauta, salula ce komai. Don irin wannan aka yi abin da ake kira Wi-Fi Direct, wanda ya fito tun 2010, inda firinta da kanta take buɗe nata tsakar gidan ta gayyaci salula. Ku dubi abin da yatsana yake yi: na danna maɓallin Wi-Fi Direct, fitilarsa ta kama, na shiga jerin Wi-Fi a salula, ga wani suna ya bayyana da ya fara da DIRECT, sunan firintar yana biye. Lambar sirrin tana cikin takardar bayanin haɗi da firintar take bugawa idan aka danna maɓallin bayani, a wasu samfurori ita ce lambar da ke manne a jikin na'urar, a wasu kuma tana zuwa da 12345678. Idan irin ta ƙarshen ce taku, ku canza ta, in ba haka ba wata rana ku tarar ɗan maƙwabci ya buga aikin makarantarsa da tawadarku.

To, ku lura da allon salular nan da kyau, domin a daidai wannan daƙiƙar ake faɗuwa. Ta haɗu, amma ga rubutu ya fito yana cewa babu intanet a wannan Wi-Fi. Gaskiya ta faɗa, firinta ba ta da intanet ɗin da za ta ba kowa, kuma ba laifi ba ne. Sai dai an gina salula ne a kan kada ta bar mai ita ba intanet, saboda haka da ta ga haka, sai ta saki firintar a ɓoye ta koma kan data, ko ta bar alamar Wi-Fi a sama alhali saƙonninta ta data suke bi. Kai kana ganin an haɗu, manhaja kuma tana ta juya da'ira tana nema. Wasu wayoyin suna tambaya ko a ci gaba da zama a wannan haɗin duk da babu intanet, kuma da yake tambayar da Turanci take zuwa, kuma kamar gargaɗi take, mutane sai su danna a'a. Amsar ita ce e. Idan tambayar ba ta fito ba, ko kun riga kun kore ta, ku ja allon daga sama ku kashe data gaba ɗaya na ɗan lokacin da za ku yi bugu. Abin da mai shagon nan ya yi wa Hajiya ke nan, kashe data ya yi, abin da malamin Islamiyya ya yi ta ƙara saye.

Wannan yana nufin duk abin da za ku buga, ku fara sauke shi cikin salula kafin ku koma wajen firinta. Takardar jarrabawar JAMB da ke cikin imel, ko hoton da aka turo a WhatsApp wanda ba a buɗe ba tukuna, ba za su buɗu ba bayan an kashe data. A sauke, a ajiye, sannan a haɗa. In an gama kuma a tuna a fita daga Wi-Fi ɗin firintar, domin ni da kaina na taɓa yin rabin yini ina mamakin yadda duniya ta yi shiru babu mai nemana, ashe salulata tana nan maƙale da firinta.

Akwai abubuwa biyu da suke ɓuya a bayan wannan matsalar. Na farko shi ne VPN, wanda da yawa daga cikinmu muka sa lokacin da aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wasu kuma har yau yana kunne sun manta da shi. Aikinsa shi ne ya kwashe duk abin da ya fita daga salula ya bi da shi ta wata ƙasa, to yaya za a yi saƙo ya isa teburin da ke gabanka? A kashe shi kafin bugu. Na biyu shi ne izinin da manhaja take nema na sanin wurin da kake, ko na ganin na'urorin da ke kusa. Mutane suna tsarguwa da wannan, kuma ban ga laifinsu ba, amma a tsarin Android sai da wannan izinin manhaja take iya duba Wi-Fi ɗin da ke kewaye, kuma idan an hana ta, ba za ta ga firintar ba ko tana gabanta.

Masu amfani da hotsifot na salula a madadin rauta, hanyar tana aiki, amma a ganina ita ce mafi wahala. Sau da yawa manhajar da ke cikin wayar da take ba da hotsifot ɗin ba ta ganin firintar, sai an kawo waya ta biyu ko kwamfuta. Sannan firinta sunan Wi-Fi ɗin da lambar sirrinsa take haddacewa, ranar da maigida ya canza lambar don yara sun cinye masa data, ranar ita ma ta ɓace, sai an sake gabatar da su. Masu iPhone suna da AirPrint tun 2010, wayoyin Android ma suna da nasu tsarin bugu a ciki, saboda haka idan firintar tana goyon bayansu, da zarar an shiga Wi-Fi ɗaya ana iya bugawa ba tare da wata manhaja ba. Bugu daga nesa, a ce kana Kano kana so takarda ta fito a gida, shi ne kaɗai yake buƙatar firintar kanta ta samu intanet.

Sauran ƙorafe-ƙorafen masu ita za mu bi su da sauri, hotuna za su ƙarasa bayani. Hoton da ya fito dishi-dishi yawanci WhatsApp ne ya matse shi, ku ce a turo muku shi a matsayin fayil. Wanda ya fito da launi a kwance, ko tawada ta jiƙe shi, an sa takarda mai sheƙi ne ba a gaya wa manhaja ba, tana nan tana zaton takardar A4 ce ta yau da kullum. Ku zaɓi nau'in takardar da girmanta, wanda aka fi bugawa shi ne santimita 10 da 15, kuma ku duba littafin na'urar ku ga ɓangaren da fuskar mai sheƙi za ta kalla. Layi-layi fari a cikin hoto kuwa tawada ce ta bushe a bakin kan bugu, wato sashen da yake fesa tawada a takarda, kuma a garin da zafin bazara da ƙurar hunturu suke karɓa-karɓa, wannan ba ya jira. A riƙa buga ko shafi ɗaya mai launi duk mako, a lulluɓe ta da zane, a kuma kashe ta da maɓallinta kafin a zare soket, domin a lokacin ne kan yake komawa mazauninsa ya rufu. Idan an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, da an dawo da ita a kunna a bar ta ta daidaita kanta. Game da mai tanki da mai katirij, ra'ayina shi ne wanda zai riƙa buga hotuna da yawa ya daure ya sayi mai tanki, tsadarta a ranar saye take, ta katirij kuwa duk wata take dawowa.

Bari mu gwada a gabanku. Ga hoton Hasumiyar Gobarau da muka ɗauka da safe, yana ajiye a cikin salula. Ku dubi saman allo, data a kashe take, VPN a kashe, Wi-Fi yana kan sunan da ya fara da DIRECT, ga ma rubutun nan na babu intanet yana nan bai tafi ba. Na zaɓi takarda mai sheƙi, na zaɓi 10 da 15, na danna bugu. Kun ji ta ja takarda. Idan ya fito ku riƙe shi ta gefe, kada ku ɗora yatsa a kan fuskarsa sai ya ɗan sha iska.