Taswirar wasa: ina za a zuba ado, ina za a yi sauri?

An rubuto wannan daga naɗin laccar da aka gabatar wa matasa masu koyon haɗa wasannin kwamfuta a Kaduna.

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, sannunku da zuwa. Maganata yau da mai haɗa wasan RPG shi kaɗai nake, ko ku biyu ku uku, ba kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata ba. Irin wasan nan da mutum ke ɗaukar jarumi yana yawo gari-gari, yana magana da jama'a, yana bin labari. A ganina, taswira ce ta fi kashe irin wannan aiki. Yaro mai basira zai zauna wata guda yana ƙawata ƙauye ɗaya, alhali labarinsa na buƙatar garuruwa goma. Kafin ya kai na uku ya gaji ya ajiye. Wannan na damuna ƙwarai.

Hanya biyu ce a gabanku. Ta farko ita ce tayil: ka zana 'yan ƙananan murabba'ai, na ciyawa, na yashi, na katanga, ka riƙa jera su. Stardew Valley, wanda Eric Barone ya yi shi kaɗai cikin kimanin shekara huɗu da rabi ya fitar a 2016, da tayil mai piksel 16 ta kowane gefe aka gina shi (piksel shi ne ɗan ɗigon da ke haɗuwa ya zama hoto a allo). RPG Maker MV na 2015, manhajar haɗa irin wannan wasa, kuwa mai piksel 48 yake amfani da shi. Hanya ta biyu, ka zana filin gaba ɗaya da hannu a matsayin hoto guda, ka shimfiɗa shi ƙarƙashin jarumi. Wannan ta fi kyau a ido, babu musu, don ba a ganin maimaici.

To amma ku yi lissafi tare da ni. Fili mai tayil 40 tsawo, 40 faɗi, a piksel 48, in ka zana shi hoto guda, mai piksel 1920 ne ta kowane gefe. Idan wasa ya buɗe shi, kowane piksel na cin bayit 4, kusan megabayit 15 ke nan a ƙwaƙwalwar na'ura. Shimfiɗa ɗaya fa. Ka ƙara ta rufin ɗakuna da kan bishiyoyi, ka ƙara ta inuwa, ya ninka uku. Yanzu ku tuna wayar da ƙanenku ke riƙe da ita a Tudun Wada ko Rigasa. Kuma ran da labari ya canza, ka ce a mayar da rijiya gabas da masallaci, mai tayil minti biyu ya gama, kai kuwa sai ka koma zane.

Ku dubi maginan gargajiya. A fuskar gida da zaure suke zuba zane, katangar baya yaɓe kawai take samu, gidan kuma ya fito da kwarjini. Haka za ku yi. A ce wasanku a Kaduna yake: Kasuwar Barci, inda ɗan wasa zai tsaya ciniki ya dawo sau da yawa, nan za ka zauna ka zana rumfa-rumfa, tulin gwanjo, mai shayi da tukunyarsa tana hayaƙi. Titin da zai bi ya kai gadar kogi kuwa, wanda zai wuce cikin daƙiƙa goma, ba shi tayil, ka jefa bishiyar maina biyu da Keke Napep a gefe, ka wuce.

Kafin duk wannan, fara gina taswirar da murabba'ai marasa ado: toka hanya, baƙi katanga, shuɗi ruwa. Ba wani ya buga, kai ka yi shiru kana kallo. Inda ya ɓata, gyara. Inda ya tsaya yana dube-dube, sa alama, nan adon zai je.

Wata 'yar'uwa daga baya ta tambaya game da bakin kogi, cewa shi ke cinye mata lokaci.

Gaskiyarki, Malama. Idan ana son ruwa ya haɗu da ƙasa ta kowace kusurwa ba tare da yankewa ba, siffa 47 ake buƙata, kuma jera su da hannu azaba ce. Kada ki yi. RPG Maker na harhaɗa su da kansa daga ɗan ƙaramin zane. Tiled, manhajar haɗa taswira, wanda kyauta ne, yana da burushin ƙasa da ke zaɓo gefen da ya dace yayin da kike jan linzamin kwamfuta, manhajar haɗa wasa ta Godot 4 ma haka. Ki ba da yini guda ki saita shi. Sannan ki zana tayil ɗin ruwa iri uku, ɗaya fili, ɗaya da ɗan kumfa, ɗaya da dutse ya leƙo, ki bar manhajar ta gauraya su, ki rage yawan fitowar mai dutsen.