Zane Daga Kan Ruwa: Lacca Kan Ƙawata Sassan Mota

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, 'yan uwa masu sana'ar fenti, sannunku da zuwa. Na can baya, in muryata ba ta iso muku ba ku ɗaga hannu.

Na san da yawanku kun taɓa cin karo da bidiyon nan: mutum ya riƙe murfin madubin mota, ya nutsa shi a ruwa sannu a hankali, ya fito da shi ya rikiɗe ya koma kamar katako. Mai kallo sai ya riƙe baki ya ce siddabaru ne. To, ba siddabaru ba ne, aikin fenti ne zalla. Nutsawar da ake nuna muku 'yan daƙiƙoƙi ce cikin aikin da kan cinye yini guda ko fiye.

Daga Japan wannan fasaha ta yaɗu. A shekarar 1982 Motoyasu Nakanishi na kamfanin Cubic Engineering ya nemi rajistar mallakar na'urarta a Amurka. Matsalar da ta zo warwarewa kowa ya san ta: liƙa sitika a kan abu mai lanƙwasa, dole ta yamutse. Ruwa kuwa babu lungun da ba ya shiga, shi ya sa aka ba shi dakon zanen.

Ga abin da na riƙe a hannuna. Leda ce ta musamman da ake kira PVA, wadda ruwa ke narkar da ita, an buga tawada a kanta. Za ka yanko daidai girman abin da za ka tsoma, ka ƙara ɗan rara, ka zagaye gefenta da salatif na takarda don kada ta nannaɗe. Wace fuska ce ke kallon ruwa? Jiƙa yatsu biyu ka matse gefen ledar. Ɓangaren da ya manne wa yatsanka, shi ke kwanciya a ruwa. In ka juya ta, ka yi asarar leda.

Ruwan ya zama mai ɗumi, wajen digiri 30 zuwa 33 a ma'aunin Selsiyas. Ka shimfiɗa ledar a hankali daga gefe guda, kada iska ta maƙale a ƙarƙashi, ka bar ta kamar minti ɗaya. Za ka ga ta fara tattarewa, sannan ta saki jiki ta kwanta lumui. Sai ka fesa mata sinadarin da ke farkar da tawadar, ta koma ɗanya tana iyo a kan ruwa tana ƙyalli kamar gilashi.

A nan ake gane gwani da ɗan koyo. In feshin ya yi kaɗan, zanen ya tsattsage ko ya fito da ƙananan ramuka kamar an tsira masa allura. In ya yi yawa, tawadar ta zame, layukan su dagule, katakon ya koma taɓo. Ba a koyon wannan da baki, sai hannu ya saba, kuma kafin ya saba leda za ta ƙare a kwandon shara ba sau ɗaya ba.

Tsomawar ma da karkace ake yinta, kusan digiri 30 zuwa 45, ba a kife ba. Ni kaina na taɓa nutsa murfin inji a kife saboda gaggawa. Iska ta taru a wani ɗan rami, ya fito da tabo mai faɗin ƙwayar ido inda tawada ba ta taɓa ba. Haka na kankare shi kaf na sake daga farko. Ku lura kuma, zane yana miƙewa a wurin da abu ya yi zurfi ko tsini. A 2015 masu bincike daga jami'ar Columbia da jami'ar Zhejiang sun nuna yadda kwamfuta za ta lissafa wannan miƙewar tun kafin a buga ledar, amma a wurin aiki na yau da kullum idonka ne ma'auninka.

Bayan an fito da shi sai a ɗauraye na 'yan mintoci har yauƙin ledar ya fita tas. In ka bar yauƙin, shafen ƙarshe ba zai kama ba.

Yanzu bari in koma kan abin da bidiyo ba ya nunawa, wanda a ganina shi ne aikin. Tawadar nan ba ta rufe aibi. Ƙarzuwa, ƙura, ko maiƙon yatsa ɗaya, duk za su leƙo. Tun kafin tsomawa sai ka wanke, ka goge da samfefa, ka fesa firaima, wato shafen farko da ke sa fenti ya kama. Wasu robobin, irin wanda ake yin bamba da shi, fenti ba ya kama su sai an fara sa musu maganin da ke sa ya manne. Sannan fentin ƙasa, wanda zanen zai kwanta a kai, kuma shi ke juya launin duka, domin yawancin ledojin ana hango abin da ke bayansu. Ledar katako guda ɗaya, a kan ruwan ƙasa mai haske ta ba ka wani itace, a kan ja ta ba ka wani dabam. Daga sama kuma sai kiliya, wato shafe garai-garai mai ƙyalli. Ita ke tare rana da ruwan sama da ƙarzuwa. Wanda ya yi rowar kiliya, ba a jimawa aikinsa ke koɗewa, musamman a rim da ke shan tsakuwa.

Don Allah ku riƙa sa takunkumi mai matatar sinadari, ba na ƙyalle ba. Sinadarin feshin nan da kiliya mai haɗi biyu suna illata huhu, kuma suna kama wuta.

Na'am, ɗan'uwa mai hula, faɗi tambayarka. Ya ce, "Malam, in na yi wa bonet zanen kabon, zai ƙara ƙarfi?" A'a. Kama ce kawai, ƙarfen yana nan yadda yake, nauyinsa bai ragu ba. Kada ka sayar wa kowa da shi a matsayin kabon na gaske, wato saƙar zare mai ƙarfi marar nauyi. Salansa kuwa, wato bututun hayaƙi, da na ji wani ya ambata daga gefe, ku ƙyale ta, zafinta ya fi ƙarfin tawadar da kiliyar duka. Murfin inji na roba, dashbod, murfin madubi, waɗannan ba matsala. To, ku matso kusa da tankin, ruwan ya kai digiri 32, a miƙo min salatif.