Shara: Jarrabawar Farko Ga Mai Zama a Ƙasar Waje

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Wanda ya je wata ƙasa yawon buɗe ido na mako guda, labarin dogayen gine-gine da jiragen ƙasa zai dawo da shi. Sharar da ya tara a otal wani ne ya kwashe, shi bai ma san inda aka kai ta ba. Amma ranar da mutum ya kama haya ya ce zama ya zo yi, ranar ce zai fara sanin ƙasar, kuma sau da yawa a bakin kwandon shara ake fara gwada shi. Shi ya sa yau a kan shara za mu yi magana. A ganina babu abin da ke saurin haɗa baƙo rigima da maƙwabtansa, ko ya sa su sake da shi, kamarta.

Mu fara da Jamus. Ka sauko harabar gidan haya da ledar shara ɗaya a hannu, sai ka tarar da kwanduna huɗu a jere. Galibi shuɗi na takarda ne da kwali, rawaya na robobi da gwangwanayen da aka zubo kaya a ciki, ruwan ƙasa na ragowar abinci da ɓawo, baƙi ko toka-toka kuma na abin da ya rage. Kwalba ba ta cikin waɗannan. Ita tana da manyan akwatunanta a bakin titi, fara daban, koriya daban, mai ruwan ƙasa daban. A jikin akwatin an rubuta lokacin da aka yarda a jefa, kuma ban da Lahadi da ranakun hutu, saboda ƙarar fashewar kwalba tana damun masu hutawa. Idan wani ya cakuɗa kwandon gida, masu kwasa suna iya barin sa a nan, kuɗin ƙarin kwasa kuma ya faɗo kan dukan mazauna gidan. To kun ga dalilin da ya sa dattijuwar da ke hawa na biyu take leƙo ka ta taga. Aljihunta take tsarewa.

Akwai kuma abin da suke kira Pfand. A 2003 aka fara shi, kuma yanzu duk robar ruwa ko gwangwanin lemo na sha-ka-yar da ka saya, an ɗora maka santi 25 na kuɗin Yuro a kai. Ka mayar da ita cikin na'urar da ke ƙofar kanti, ta ba ka rasit, ka karɓi kuɗinka. Baƙo yakan yi wata guda yana zubar da kuɗinsa bai sani ba. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne, a manyan birane za ka ga mutum ya shanye lemonsa ya ajiye robar a gefen kwando, don wanda ke tsintar su yana samun na abinci ya ɗauka ba sai ya tura hannu cikin datti ba.

A Japan kuwa, abin da zai fara ba ka mamaki shi ne titi tsaf, amma ka yi tafiya mai nisa ba ka ga kwando ba. An kwashe da yawansu bayan harin iskar guba da aka kai a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo a 1995, mutane kuma dama sun saba da riƙe shararsu har gida. A gidan ne aikin yake. Kowace ƙaramar hukuma da tsarinta: ranar abin da ake ƙonawa daban, ranar wanda ba ya ƙonuwa daban, ranar robobi daban. Da safe ake fitarwa, yawanci kafin ƙarfe 8, a lulluɓe da raga saboda hankaki. Ka yi kuskure, ba wanda zai ɗaga maka murya. Za a manna wa ledarka takarda a bar ta a wurin, kowa ya wuce ya gani. Wasu garuruwan ma sai ka rubuta sunanka a jikin ledar. Tsohuwar katifa ko kujera kuwa, sai ka kira ka sa rana, ka sayi tikiti a kanti ka manna mata. Akwai wani ɗan ƙaramin gari a tsibirin Shikoku mai suna Kamikatsu, wanda a 2003 ya ɗauki alkawarin daina tara shara gaba ɗaya. Mazaunansa da kansu suke kai kayansu cibiya guda, su rarraba su gida fiye da 40.

Koriya ta Kudu ta bi ta aljihu. Tun 1995 sai a cikin ledar hukuma ake zubar da shara, ledar kuma saye ake yi, ta unguwarku daban da ta wata unguwar. Mai yawan shara shi ne mai yawan biya. A 2005 aka hana binne ragowar abinci, yanzu kuma a gidaje da dama na birnin Seoul akwai na'urar da za ka taɓa da kati, ta buɗe, ta auna nauyin abin da ka zuba, a caje ka. Inda baƙi suka fi ruɗewa shi ne mene ne ma ragowar abincin. Ƙa'idar da mutanen wurin ke koya wa sabon zuwa ita ce: dabba za ta iya ci? In za ta iya, ragowar abinci ne. Ɓawon ƙwai da ƙashin kaza ba sa ciki.

Tsarin da na fi so shi ne na Taiwan. A birnin Taipei shara ba ta taɓa ƙasa. Da yamma za ka jiyo kiɗan Beethoven, wani shahararren makaɗin Jamus na zamanin da, yana tasowa daga ƙarshen layi, baƙo ya ɗauka mai sayar da wani abin daɗi ne, ashe motar shara ce mai launin rawaya. Kowa ya fito da ledarsa ya tsaya, motar ta iso, ka jefa da hannunka, wata motar ta biyo baya ta karɓi kayan da za a sake sarrafawa. Ka makara, ka kwana da shararka. Waɗannan 'yan mintunan na jira su ne dandalin unguwa. Nan ake gaisawa, nan ake jin wanda ba shi da lafiya da wanda ya tashi. Baƙon da ke fitowa kullum, ko bai iya yaren ba, cikin mako biyu an san fuskarsa.

A Afirka ma akwai misali. Ruwanda ta haramta ledar roba a 2008, kuma ana iya karɓe ta daga jakarka tun a filin jirgin Kigali. Sannan Asabar ɗin ƙarshen kowane wata akwai Umuganda, aikin gayya na ƙasa baki ɗaya. Da safe shaguna a rufe, motoci sun ragu, 'yan ƙasa daga shekara 18 zuwa 65 sun fito shara da gyaran hanya da magudanan ruwa, bayan an gama a zauna a tattauna matsalolin unguwa. Ba a tilasta wa baƙo, amma wanda ya ɗauki tsintsiya ya fito, ba a mantawa da shi.

Baƙo ko da ido makaho ne, don haka ranar da aka miƙa maka mukullin ɗaki, kafin ka tambayi lambar intanet, ka tambayi mai gida jadawalin kwasar shara. Yawancin ƙananan hukumomin Jamus da Japan suna buga shi, wasu har da fassara da hotuna. Ka manna shi a ƙofar firji. Ranar farko kuma ka ɗan jinkirta, ka bari maƙwabcinka ya riga ka fita, ka ga ledar da ya ɗauko da inda ya ajiye ta.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.