Ranar da injin fassara ya sayar wa Kawu zoɓo

Assalamu alaikum. Wannan da kuke gani sito ne a wani ƙauye da ke kan hanyar Gumel zuwa Maigatari, buhunan da aka jibge har rufi kuma busasshen zoɓo ne. Yawancinsa ba a nan za a sha shi ba. Zai bi ta Kano, ya gangara Legas, ya hau jirgin ruwa zuwa Meziko, inda suke jiƙa shi su sha da ƙanƙara kamar yadda muke yi da azumi. Riɗin da ke sito na gaba kuwa Turkiyya, Sin da Japan ne ke nemansa.

Mai sito kawuna ne. Ya fi shekara talatin yana awo, ya san zoɓo mai danshi tun daga ƙamshinsa, amma ko Turancin kirki ba ya ji, balle Sifaniyanci. Da can sai ta hannun dillali a kasuwar Dawanau ta Kano. Yanzu saƙo yakan faɗo masa kai tsaye a WhatsApp, da ƙarfe biyun dare, saboda agogonmu yana gaban na birnin Meziko da awa 7, na Sin kuma yana gabanmu da awa 7. Idan ɗaya yana aiki, mu muna barci.

To ta yaya za a sa waya ta riƙa fassara saƙonnin nan da kanta, ba sai an tashi yaro da tsakar dare ba?

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda da yawanku kun sani: a kwafi saƙo, a liƙa a Google Translate, a karanta. Hausa ta shiga cikinsa tun 2013. Wanda bai cika samun saƙo ba, wannan ta ishe shi. Allon rubutu na Gboard ma yana da fassara a jikinsa, kana rubuta Hausa a sama, tana sauka da harshen mai saye a ƙasa. WhatsApp shi ma ya fito da tasa fassarar a 2025, sai dai da ya fara a wayoyin Android harsuna 6 ya ɗauka, kuma babu Hausa a ciki.

Mai kwastomomi da yawa kuwa, kwafe-kwafen nan zai gajiyar da shi. Shi ake haɗa wa lambar kasuwancinsa da wata manhaja da ke zaune a tsakiya, kamar tafinta a gaban alƙali. Ku dubi zanen nan. Saƙo ya taso daga Meziko, ya faɗa wa manhajar. Ita za ta fara gane wane harshe ne, ta miƙa wa injin fassara, ta karɓo Hausa ko Turanci, ta ajiye maka tare da asalin saƙon. Ka ba da amsa, ta juya ta koma ta hanyar da ta zo. Duka cikin ƙiftawar ido, in dai akwai sabis. Kamfanonin da ke da injinan nan da yawan haruffa suke cajin kuɗi, don haka doguwar gaisuwarmu ta ina gajiya, ina iyali, ya aka ji da rana, ita ma kuɗi ce.

Shi injin ba ƙamus yake buɗewa ba. Tun wajen 2016 aka koma tsarin da ake ɗura wa kwamfuta miliyoyin jimlolin da mutane suka riga suka fassara, har ta saba da cewa in an faɗi kaza a wannan harshe, kaza ake faɗa a wancan. Abin da ta ci shi take amayarwa. Faransanci da Sifaniyanci sun cika intanet, ta ƙoshi da su. Hausar da ta samu mafi yawa ta labarai ce da littattafan addini. Hausar bakin sikeli, wadda ake yi ana ƙulla buhu, ba ta cika jin ta ba. A 2022 kamfanin Meta ya fitar da inji mai harsuna 200 har da Hausa, an kuma samu ci gaba sosai, amma har yanzu kasuwa ba ta shiga kansa ba.

Ga abin da ya same mu. Wani mai saye ya taya zoɓon Kawu da farashin da ko kuɗin mota bai fitar ba. Kawu ya karɓi wayar ya rubuta kalma ɗaya: albarka. Duk yaron da ya taɓa raka babansa kara ya san mai kaya in ya ce albarka, bai sayar ba ke nan, ƙara taya. Inji ya ɗauki kalmar a matsayin sa albarka, ya miƙa wa bawan Allah addu'a. Shi kuma ya ɗauka ciniki ya faɗa, har ya fara tambayar ranar lodi. Da safe na ce, "Kawu, ai kun sallama jiya." Ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ni? Da bakin wa?" Kwana biyu muka yi muna warwarewa, mutumin yana ganin mun yi magana biyu.

Tun daga nan na buɗe littafi ina tara kalmomin da ba a barin inji ya taɓa. Kafin alƙalami na ciki, domin in ka bar shi zai iya kawo maganar biro alhali kuɗin da ake fara ajiyewa kake nufi. La'ada na ciki. Mudu da tiya suna ciki, tun da tiyar wannan kasuwa ba ita ce ta waccan ba. A rubuta kilo kawai. Buhu ma sai an faɗi nauyinsa. Su ma nasu kalmomin suna da tarko: 'yan Meziko zoɓo suke kira jamaica, rubutu ɗaya da sunan ƙasar Jamaika, don haka kar ka yi mamaki in saƙo ya ce maka ana son tan ashirin na Jamaika. Manhajoji na kasuwanci sukan ba ka wurin shigar da irin wannan jeri, ka ce duk inda aka ga wannan kalma, ga fassararta, kar a canza. Aikin yini guda ne, kuma ya fi duk wani abin da za ka saita amfani.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Mun saba rubuta kara a waya, mu bar mai karatu ya gane ko karan dawa ne, ko ƙari, ko ƙarar kotu. Mutum zai gane, inji kuwa canka yake yi. Sa ƙ, ɗ da ɓ a inda suke yana rage masa ruɗu. Amma ga wani abu ga masu tura saƙon tes na layi: tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka in da baƙaƙen Turanci zalla aka rubuta. Da zarar ƙ ɗaya ta shiga, ko aka juya saƙon zuwa Larabci ko Sinanci, ma'aunin ya koma 70. Saƙon da ka lissafa a matsayin ɗaya sai a caje ka biyu ko uku. A WhatsApp babu wannan damuwa.

Lambobi su ne inda nake cewa a cire hannun inji gaba ɗaya. Baturke yana raba dubbai da ɗigo, ya sa waƙafi a inda mu muke sa ɗigo. Ba'amurke in ya rubuta 3/4, huɗu ga Maris yake nufi, mu kuma uku ga Afrilu. Ba ma sai an tsallaka teku ba: a nan Maigatari ranar Alhamis, mutumin Damagaram in ya ce jaka, sefa 1,000 yake nufi, tsohon ɗan kasuwarmu kuwa naira 200 ya sani. Harshe ɗaya ke nan fa. Saboda haka farashi a rubuta shi da lamba, a maimaita da kalmomi, a faɗi kuɗin wace ƙasa ne, wata kuma a kira sunansa. Lambar asusun banki kuwa, ko an turo sabuwa cikin fassara mai daɗin karatu, a kira mutumin a ji muryarsa kafin a tura ko sisi.

Abin da na sakar wa inji ya yi shi kaɗai kaɗan ne. Saƙon shigowa, ya fassara duka, ba laifi, tun da mu za mu karanta mu auna. Saƙon fita kuwa, na zauna da wani ɗalibi da ya iya Sifaniyanci muka shirya amsoshi goma sha biyu da ake yawan buƙata: mun ga saƙonka za mu amsa da safe, ga nauyin buhu, ga hoton kaya, ga yadda muke busarwa. Muka adana su a WhatsApp Business, wanda tun 2018 yake da wurin ajiye irin waɗannan da kuma saƙon da ke tafiya da kansa in ba ka kusa. Da daddare su ke tsaron shago.

In sabuwar magana ce, gajerun jimloli nake yi, kowace da batu ɗaya, ba karin magana, ba habaici. Sannan in ɗauki fassarar in mayar da ita Hausa in gani ko abin da na faɗa ne ya dawo. Bari mu gwada yanzu a kan allo. Kawu, me za a ce masa kan tayin jiya?

"Ce masa albarka."

To, ga abin da zan rubuta: Ba mu amince da wannan farashi ba. Ka ƙara. Na juya shi, na dawo da shi, ya dawo yadda ya tafi. Kawu, in tura?

"Tura, amma ka gaishe shi tukuna."