Sharhi: Inda mai kyamara ya tsaya

Jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka.

A watan Yulin 2005 duniya ta san sunan Maraɗi ta hanyar da ba mu so ba. Gidan talabijin na BBC ya nuno yara a cibiyar ƙungiyar likitocin agaji ta duniya, MSF, da ke garin nan, haƙarƙari a waje, an sa musu roba ta hanci, uwaye na zaune bisa tabarma sun yi tagumi. Wanda ya kalla a Landan ko Paris ya yanke hukunci nan take: fari da farin dango na 2004 sun cinye amfanin gona, abinci ya ƙare a Nijar. Sai jirage suka fara sauka da kayan agaji.

A wata na gaba shugaba Tandja Mamadu ya ce babu yunwa a ƙasar, mutane ma a ƙoshe suke. Shi ma yana da abin nunawa. Da an juya kyamarar nan zuwa babbar kasuwa, da an ga buhunan hatsi jibge, ga manyan motoci na lodi suna bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina.

Babu hoton ƙarya a cikin biyun, kuma abin da ke damuna ke nan. Kowane ya ɗauko gefe guda ya ce shi ne labarin. Abin da ke kashe yaranmu kuwa yana tsakaninsu, kuma ba ya shiga kyamara: kuɗin tiya, wato kwanon awon hatsi. Manomi ya sayar da hatsinsa da kaka a araha don biyan bashi, rumbu ya ƙare tun bazara, da damina ya koma kasuwa ya tarar farashi ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa yaran da suka fi jigata suka fito daga ƙauyukan noma na kudu, inda ake cewa rumbun ƙasa. Wanda aka nuna wa yaro kaɗai, buhu zai aiko ya koma gida. Wanda aka nuna wa kasuwa kaɗai, cewa zai yi ƙungiyoyi ne ke neman kuɗi. Zancen bashi da farashi sai ya rasa mai ɗauka.

Yau ba sai Bature ya zo da kyamara ba. Kowa na da ita a aljihu, kuma bidiyon daƙiƙa talatin kan zaga WhatsApp daga Tibiri zuwa Tasawa kafin a yi sallar azahar. Mu 'yan jarida nauyin ya fi hawa kanmu, domin mu ke zaɓen abin da za a fara ji. In mun ce damina ta yi albarka a Madarunfa, to a labarin nan mu faɗi nawa ake sayar da tiya ranar kasuwa, da kuma wanda ke saye.